Filin Tambaya da Amsa: Ƙara Sabuwar Manhaja a Buildroot

Yawancin wasiƙun da suka shigo a wannan karon kan Buildroot ne, shi ya sa muka ba su filin gaba ɗaya. Ga wanda bai san shi ba, Buildroot tarin fayilolin make ne (make manhaja ce mai tafiyar da matakan gini) da ke gina cikakken tsarin Linux domin ƙananan na'urori, irin su rauta da kyamarar tsaro da allunan da ake sakawa cikin injinan masana'antu. A babbar kwamfuta ake yin ginin, amma abin da ya fito na wani masarrafi ne daban, galibi ARM ko RISC-V ko MIPS. Masu aikin uClibc, wani ƙaramin laburaren C na irin waɗannan na'urori, ne suka fara shi a 2001, kuma tun 2009 ake fitar da sabo duk wata uku, da lambar shekara da wata, kamar 2024.02.

Assalamu alaikum. Malam, na rubuta wata 'yar manhaja da C mai suna awo-zafi, tana karanta ma'aunin zafi tana matse bayanan da zlib. Duk lokacin da na gina sabon tsari sai na kwafe ta da hannu zuwa allon. Yaya zan yi Buildroot ya riƙa gina ta da kansa?
*Daga wani ɗalibin injiniya*

Wa alaikumus salam. Fayil uku da layi ɗaya kake bukata. Ka buɗe folda `package/awo-zafi`, sannan ka rubuta `Config.in` a ciki. Shi ne zai fito da manhajar a jerin zaɓi na `make menuconfig`:

```
config BR2_PACKAGE_AWO_ZAFI
	bool "awo-zafi"
	select BR2_PACKAGE_ZLIB
	help
	  Manhajar karanta ma'aunin zafi.
```

Da tab ake shigar da layukan ciki, bayanin da ke ƙarƙashin `help` kuma tab ɗaya da tazara biyu. Layi ɗayan da na ambata a babban `package/Config.in` yake shiga, a sashen da ya dace kuma bisa jerin haruffa: `source "package/awo-zafi/Config.in"`. Wanda ya manta shi zai yi ta dube-dube a menuconfig bai ga komai ba.

Fayil na biyu shi ne `awo-zafi.mk`, nan ne girkin yake:

```
AWO_ZAFI_VERSION = 1.0
AWO_ZAFI_SITE = https://example.org/awo-zafi
AWO_ZAFI_LICENSE = MIT
AWO_ZAFI_LICENSE_FILES = LICENSE
AWO_ZAFI_DEPENDENCIES = zlib

define AWO_ZAFI_BUILD_CMDS
	$(TARGET_MAKE_ENV) $(MAKE) $(TARGET_CONFIGURE_OPTS) -C $(@D)
endef

define AWO_ZAFI_INSTALL_TARGET_CMDS
	$(INSTALL) -D -m 0755 $(@D)/awo-zafi $(TARGET_DIR)/usr/bin/awo-zafi
endef

$(eval $(generic-package))
```

Ka lura da sunayen. Daga sunan folda Buildroot yake samo su: ya mayar da shi manyan haruffa, karan tsakiya ya koma karan ƙasa, awo-zafi ya zama `AWO_ZAFI`. In ka rubuta `AWOZAFI_DEPENDENCIES` bisa kuskure, make ba zai ce uffan ba, zai ɗauka wani suna ne da ba wanda ke amfani da shi, sai can gaba ginin ya karye ka rasa dalili. Ba mu rubuta `AWO_ZAFI_SOURCE` ba domin in babu shi Buildroot yana neman `awo-zafi-1.0.tar.gz` da kansa. `$(@D)` ita ce foldar da aka kwance manhajar a ciki, wato `output/build/awo-zafi-1.0`. Layin `eval` kuwa shi ne na ƙarshe kullum, domin shi ke tattara duk abin da aka rubuta a samansa ya ƙirƙiri dokokin gini.

Wannan `generic-package` na manhajar da ke da Makefile na hannu ne, kuma ba ya yin komai sai abin da ka rubuta masa. In da CMake kake aiki, ka goge `define` ɗin biyu ka sa `cmake-package`. Haka akwai `autotools-package` da `meson-package` da `python-package`. Waɗannan sun riga sun san yadda ake miƙa kayan gini daidai, don haka duk inda ɗayansu ya dace shi ya fi.

Na uku `awo-zafi.hash`. Ka gudanar da `sha256sum` a kan fayil ɗin da aka sauko da shi da kuma fayil ɗin lasisi, kowanne ya sami layinsa: kalmar `sha256`, sai lambar, sai sunan fayil. In ka gama, `utils/check-package package/awo-zafi/*` zai duba maka tsarin rubutu, har da irin kuskuren sunan da na faɗa a sama.

Na bi irin waɗannan matakai, ginin yana tafiya har wajen sakawa, sai ya tsaya da cewa `architecture for "/usr/bin/..." is "Advanced Micro Devices X86-64", should be "ARM"`. Ina matsalar take?
*Daga wata mai haɗa na'urori*

'Yar'uwa, gcc (mai gina manhajojin C) na kwamfutarki ne ya gina manhajar, ba na ARM ba. Buildroot yana duba kowane fayil da ƙunshi (wato manhaja ko laburaren da aka ƙara cikin `package/`) ya saka, in ya ga na wani masarrafi ne sai ya tsayar da aiki. Alheri ya yi miki, domin da ya bari ya wuce da sai a kan allo za ki ci karo da `Exec format error`.

Kusan kullum dalilin guda ne. Makefile ɗin manhajar yana da layi `CC = gcc`, ke kuma kin sa `$(TARGET_CONFIGURE_OPTS)` kafin `$(MAKE)`. Ƙa'idar make ita ce: abin da aka rubuta cikin Makefile yana rinjayar abin da ya zo kafin umarnin, amma abin da aka rubuta bayan umarnin yana rinjayar Makefile. Ki mayar da shi bayan `$(MAKE)`, kamar yadda yake a amsar farko.

Sai dai a nan ma a kula, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Cikin abin da `$(TARGET_CONFIGURE_OPTS)` ke ɗauke da shi akwai `CFLAGS` da `LDFLAGS`. Da zarar an miƙa su bayan umarnin, duk wani `CFLAGS += -Iinclude` da ke cikin Makefile ya mutu, make ba zai ƙara shi ba. Sai ki ga manhajar ta kasa gano fayilolinta na `.h` da ke gabanta. Mafita biyu ce. Ko a yi wa Makefile faci (patch, wato fayil ɗin gyara) a mayar da layin `override CFLAGS += -Iinclude`, ko a miƙa abubuwan da hannu, `CC="$(TARGET_CC)"` da `CFLAGS="$(TARGET_CFLAGS) -Iinclude"`. In Makefile ɗin naki ne, ki sa `CC ?= gcc` da `override` ki huta. In kuwa `gcc` aka rubuta kai tsaye cikin dokokin gini ba tare da `$(CC)` ba, babu makawa sai faci.

Akwai ɗan'uwan wannan saƙo da yake cewa `unsafe header/library path used in cross-compilation`. Ma'anarsa an sa `-I/usr/include` ko `-L/usr/lib` a wani wuri, wato ana ƙoƙarin haɗa kayan kwamfutarki da na allo. Ki nemo layin ki cire shi, domin kayan ginin Buildroot sun san inda nasu laburarorin suke.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne manhajar da ke gina wani ƙaramin kayan aiki ta gudanar da shi a tsakiyar gini, misali mai samar da tebur na lambobi. Wannan kayan aikin dole da `$(HOSTCC)` za a gina shi, tunda a kwamfuta zai yi aiki ba a allo ba. In babba ne, a yi masa ƙunshi na daban da `host-generic-package`, a sa sunansa da `host-` a gaba cikin jerin dogaro, wato `_DEPENDENCIES`.

Malam, na ƙara wani laburare namu, ya ginu lafiya, har ina ganin fayil ɗin `.so` cikin `output/target/usr/lib`. Amma manhajar da ke amfani da shi tana cewa ba ta ga fayil ɗin `.h` ba. Abin mamaki, wani ƙunshin daban yana ginuwa a kwamfutata amma yana ƙi a ta abokin aikina.
*Daga wani mai karatu*

Matsala biyu ce ka haɗa, amma tushensu ɗaya: Buildroot bai san abin da ba a gaya masa ba.

Cikin `output` akwai wurare uku da ya kamata ka raba su a kanka. `host` na kayan da ke aiki a kwamfutarka ne, har da gcc na ARM. `staging` shi ne inda wannan gcc ɗin ke neman fayilolin `.h` da laburarori lokacin gini. `target` kuma shi ne abin da zai tafi allo, kuma a ƙarshen gini ana share masa `usr/include` da fayilolin `.a` da littattafan bayani domin rage girma. In ba a ce komai ba, ƙunshi yana shiga `target` kaɗai. Laburarenka ya je inda za a gudanar da shi, bai je inda za a gina da shi ba. Ka ƙara `LIBNAKA_INSTALL_STAGING = YES`, da ainihin sunan ƙunshin a madadin LIBNAKA. In `generic-package` ne sai ka rubuta `_INSTALL_STAGING_CMDS` da kanka, ka kwafi `.h` zuwa `$(STAGING_DIR)/usr/include`, `.so` kuma zuwa `$(STAGING_DIR)/usr/lib`. In manhajar da pkg-config take neman laburare, fayil ɗin `.pc` ma ya shiga staging, ita kuma a sa mata `host-pkgconf` cikin dogaronta.

Ta biyun ta fi wayo. `select` da ke cikin `Config.in` yana tabbatar da an zaɓi laburaren ne kawai, bai ce a gina shi kafin manhajarka ba. Jerin gini daga `_DEPENDENCIES` na fayil ɗin `.mk` yake fitowa. In ka sa na farko ka bar na biyu, sa'a ce kawai ke aiki: a kwamfutarka laburaren yana nan tun wani ginin baya, a ta abokinka da ya fara daga farko ba a kai ga gina shi ba. Ka duba da `make sunan-ƙunshi-show-depends` ka ga abin da Buildroot ya sani. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne `make clean` sannan `make sunan-ƙunshi` shi kaɗai. Kunna `BR2_PER_PACKAGE_DIRECTORIES` ma yana tona irin wannan asiri, domin a nan kowane ƙunshi abin da ya ambata cikin dogaronsa kaɗai yake gani.

Akwai fuskar da ta fi wannan muni, wadda ba ta karya gini sam. Manhajoji da yawa suna dubawa da kansu ko akwai OpenSSL, in sun gani su kunna ɓoye bayanai, in ba su gani ba su wuce shiru. Sai a sami allo biyu daga tsari ɗaya, ɗaya yana da TLS, wato ɓoye bayanan, ɗaya babu. Maganinsa a rubuta hukuncin a fili:

```
ifeq ($(BR2_PACKAGE_OPENSSL),y)
AWO_ZAFI_DEPENDENCIES += openssl
AWO_ZAFI_CONF_OPTS += --enable-ssl
else
AWO_ZAFI_CONF_OPTS += --disable-ssl
endif
```

Wannan misalin na manhajar da ke amfani da `autotools-package` ne. Ainihin sunan zaɓin ya danganta da manhajar, `./configure --help` zai nuna maka. Abin da ba a bari shi ne reshen `else`.

Ƙunshina yana `select BR2_PACKAGE_LIBGLIB2`, sai menuconfig ke gargaɗin `unmet direct dependencies`.
*Daga wani mai koyo*

`select` ƙarfa-ƙarfa yake yi, yana kunna abu ba tare da ya duba sharuɗɗansa ba. Shi libglib2 yana bukatar `BR2_USE_WCHAR` da `BR2_TOOLCHAIN_HAS_THREADS` da `BR2_USE_MMU`. Ka buɗe `Config.in` ɗinsa ka kwafo kowane `depends on` zuwa naka. Sannan ka ƙara `comment` mai bayyana abin da ya rage, wanda zai fito idan sharaɗin bai cika ba, don kada ƙunshin ya ɓace daga jeri ba tare da an san dalili ba. A taƙaice, `select` na laburarori ne, `depends on` na halayen kayan gini da masarrafi.

Na gyara fayil ɗin C ɗina, na kuma ƙara faci, na buga `make`, amma abin da ya fito tsohon ne. Kuma wani ƙunshi da na cire daga menuconfig har yanzu yana cikin tsarin. Buildroot ɗin ne ya lalace?
*Daga wata injiniya*

Lafiyarsa ƙalau, haka aka tsara shi. Kowane mataki da ya kammala yana barin fayil maras komai cikin foldar ƙunshin: `.stamp_downloaded`, `.stamp_extracted`, `.stamp_patched`, `.stamp_configured`, `.stamp_built`, `.stamp_target_installed`. Ki buga `ls -a output/build/awo-zafi-1.0` za ki gan su. Muddin alamar tana nan, make ya ɗauka an gama matakin, ba ya duba ko kin taɓa `.mk` ko kin ƙara faci.

Umarnin da za ki yi amfani da shi ya danganta da abin da kika canja. `make awo-zafi-rebuild` yana maimaita gini da sakawa. `make awo-zafi-reconfigure` yana komawa baya da mataki ɗaya, shi ake so in an canja `_CONF_OPTS`. Faci kuwa sau ɗaya ake liƙa shi, bayan kwance fayil, saboda haka sabon faci sai `make awo-zafi-dirclean`, wanda ke goge foldar gaba ɗaya. Duk cikinsu babu wanda ke sabunta fayilolin `output/images`, sai kin biyo da `make`.

Kada ki riƙa gyara a cikin `output/build`, domin dirclean ɗaya zai tafi da aikin. Ga manhajar da ake kan rubutawa akwai hanya mai kyau. Ki buɗe fayil `local.mk` a inda `.config` yake, ki rubuta `AWO_ZAFI_OVERRIDE_SRCDIR = /hanyar/foldarki`. Daga nan Buildroot zai daina saukowa, zai riƙa kwafo foldarki da rsync zuwa `output/build/awo-zafi-custom`, kuma `make awo-zafi-rebuild all` zai ɗauko sabon gyara ya gina ya sabunta tsarin a umarni ɗaya. Ki sani cewa a wannan yanayi ba a liƙa facin da ke foldar ƙunshin, an ɗauka suna cikin foldarki tuni.

Faci kansa sunansa da lamba yake farawa, `0001-bayani.patch`, `0002-...`, kuma bisa lambar ake liƙa su. `git format-patch -N` ne ya fi sauƙin fitar da shi. In facin ya taɓa `configure.ac` ko `Makefile.am`, sai an ƙara `_AUTORECONF = YES`, in ba haka ba tsohon `configure` za a gudanar kamar ba a yi komai ba.

Batun ƙunshin da kika cire, Buildroot ba ya cire abin da ya riga ya saka cikin `target`. Dalilin a fili yake: wasu manhajojin an gina su a kansa, cire shi kaɗai zai bar su a karye. Sai `make clean` da sabon gini. Foldar `dl` ba ta gogewa, don haka ba za a sake saukar da komai ba, kuma kunna `BR2_CCACHE` yana rage lokacin sosai. Duk tsarin da za a ba wa mutane daga irin wannan cikakken gini ya kamata ya fito.

`configure` ya tsaya da `cannot run test program while cross compiling`.
*Daga wani mai karatu*

Yana son ya gina ɗan gwaji ya gudanar da shi ya ga amsa, gwajin kuma na ARM ne, ba zai tashi a kwamfutarka ba. Sai ka ba shi amsar tun kafin ya tambaya. Ka nemi saƙon cikin fayil ɗin `configure`, a kusa da shi za ka ga suna mai farawa da `ac_cv_`, ka sa shi cikin `_CONF_ENV`, misali `ac_cv_func_setpgrp_void=yes`. Amsar ta zama gaskiya game da allon. In ka yi ta da ka don gini ya wuce, kuskuren zai jira ka a lokacin aiki, inda gano shi ya fi wuya.

Wani ya ba ni manhaja da ya riga ya gina wa ARM. Na sa ta a allo, `ls` yana ganinta, amma in na kira ta sai a ce `not found`.
*Daga wani mai gyaran na'urori*

Ba manhajar aka rasa ba, mai loda ta aka rasa. Ka buga `readelf -l` a kanta ka duba layin `interpreter`. In ya ce `/lib/ld-linux-armhf.so.3`, da glibc aka gina ta, ɗaya daga cikin laburarorin C da tsarin Linux ke dogara a kansu. In tsarinka na musl ne, abin da ke allon `/lib/ld-musl-armhf.so.1` ne, uClibc-ng ma nasa daban. Haɗa sunayen da `ln -s` ba ya magani. Ko ka nemi tushen manhajar ka yi mata ƙunshi, ko ka sake gina tsarin da glibc.

Malam, ƙunsoshinmu sun kai da yawa cikin `package/`, kuma duk lokacin da za mu koma sabon Buildroot sai mun sha wuya wajen haɗa gyare-gyare. Akwai dabara?
*Daga shugaban wata tawagar injiniyoyi*

Ranka ya daɗe, ku fitar da su daga cikin Buildroot gaba ɗaya ta hanyar `BR2_EXTERNAL`. Folda ce taku daban mai fayil uku a samanta. `external.desc` yana da layin `name: KAMFANI` da layin `desc:` na bayani. `Config.in` yana kiran na kowane ƙunshi, kamar `source "$BR2_EXTERNAL_KAMFANI_PATH/package/awo-zafi/Config.in"`. `external.mk` kuma layi ɗaya ya ishe shi:

```
include $(sort $(wildcard $(BR2_EXTERNAL_KAMFANI_PATH)/package/*/*.mk))
```

Sau ɗaya za ku buga `make BR2_EXTERNAL=/hanyar/foldarku menuconfig`, Buildroot zai riƙe hanyar cikin `output`, ƙunsoshinku su fito ƙarƙashin `External options`. Fayilolin `.mk` ba sa bukatar wani canji. Ku sa `configs/` a nan ma domin abin da `make savedefconfig` ya fitar, da `board/` domin kayan allo. In kuna da faci na ƙunsoshin Buildroot na asali, ku nuna foldarsu da `BR2_GLOBAL_PATCH_DIR` maimakon taɓa nasu. Abin da wannan hanya ba ta yi shi ne maye gurbin ƙunshin da Buildroot ke da shi da naku mai suna iri ɗaya, sunan ku ya zama daban.

Shawarata ku tsaya kan fitowar da aka yi wa alamar LTS, domin ita ake daɗewa ana yi wa gyaran kurakurai da na tsaro. Kafin kowace ƙaura ku gwada ƙunsoshinku da `utils/test-pkg`, wanda ke gina su da kayan gini iri-iri. Nan ne za ku gano wanda ke kiran `execinfo.h`, fayil ɗin da glibc ke da shi amma musl ba shi da shi, ko wanda ke amfani da `fork` ba tare da an sa masa `depends on BR2_USE_MMU` ba. Ku kuma gudanar da `make legal-info`, wanda ke tattara lasisin duk abin da ya shiga tsarin daga layukan `_LICENSE` da `_LICENSE_FILES`, ya kuma yi gargaɗi kan duk ƙunshin da aka bar masa su babu komai.